Tsakanin Cirko-cirko da Alhini: Yadda Ingilishi Ke Amfani da Kalmar Consternation

A makon jiya, bayan sallar la'asar, wani tsohon ɗalibina ya same ni a ƙofar gida riƙe da takarda. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne a nan Maraɗi, yana kai wake da aya kudancin Najeriya, kuma yana da abokin ciniki a Legas wanda suka fi shekara 20 suna hulɗa, mutumin da Hausarsa ba ta wuce ta ciniki ba, Faransanci kuwa ko gaisuwa bai iya ba. Mahaifin wannan abokin cinikin ne Allah ya yi wa rasuwa, dattijo mai kusan shekara 90, bayan doguwar jinya. Alhaji, wato mahaifin ɗalibin nawa, ya ga zumuncin da ke tsakaninsu ya fi ƙarfin gaisuwar waya kaɗai, sai ya sa ɗansa ya rubuta takardar ta'aziyya da Ingilishi, yaron kuma ya kawo mini in duba kafin a aika.

Ga yadda ya buɗe takardar: "It is with great consternation that we learned of the death of your father." Na karanta jimlar sau biyu, sannan na tambaye shi abin da ya sa ya zaɓi wannan kalma ta consternation. Ya ce, "Mushe (haka ɗalibai ke kiran malami a nan), ai da ita ake buɗe ta'aziyya. Kullum haka muke ji a rediyo da Faransanci idan wani babban mutum ya rasu, kuma na duba ƙamus na ga akwai ta a Ingilishi, rubutunta ma iri ɗaya ne." Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, nahawun jimlarsa ma babu inda ya karye. Amma na ce masa ya zauna mu yi magana, domin idan takardar ta isa Legas a haka, mai karatu zai gane cewa gaisuwa ake yi masa, sai dai wani abu zai sosa masa kunne, kamar wanda aka je yi wa gaisuwar mutuwa aka ce masa sannu da firgita maimakon a ce masa ya haƙuri.

Na daɗe ina koyar da Ingilishi a wannan gari, kuma abin da na lura da shi shi ne baƙuwar kalma ba ta cika cutar da ɗalibi ba, domin rashin saninta kan tilasta masa ya buɗe ƙamus ko ya yi tambaya. Wadda ke kayar da shi ita ce mai fuskar sani, wadda ya saba da ita a Faransanci tun yana ƙaramin ɗan lakwal, sai ya gan ta a Ingilishi da haruffanta cif-cif, ya ɗauka halinta ma bai sauya ba. Irin waɗannan kalmomi suna da yawa ƙwarai, saboda tun daga 1066, lokacin da Normandawa daga arewacin Faransa suka ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya yi ƙarnuka yana zuba kalmomi cikin Ingilishi, daga baya kuma malaman Ingila suka riƙa ɗebowa kai tsaye daga Latinanci. Wannan gado ne mai amfani gare mu, don yana rage wa ɗan Nijar wahalar hadda sosai. Sai dai ƴan uwan da suka rabu shekaru ɗaruruwa, kowa ya zauna garinsa, ba lalle ne ɗabi'arsu ta zama ɗaya ba. Maganar kuma ta ƙara nauyi yanzu, tun da kundin sake gina ƙasa na 2025 ya sanya Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki, ga kuma yaranmu da ke bi ta Ɗan Isa da Jibiya zuwa makarantun Katsina da Kano da Zariya, ga ƴan kasuwarmu da takardunsu ke kaiwa har bakin teku.

A Faransanci, consternation nauyi ne da ke faɗo wa zuciya ya danne ta. Mutumin da aka ce yana cikin wannan hali jikinsa ya mutu, bakinsa ya yi nauyi, ya zauna jugum saboda mummunan labarin da ya riske shi. Shi ya sa kalmar ta dace da sanarwar rasuwa, da haɗarin mota da ya ci rayuka, da harin da aka kai wa ƙauye, shi ya sa kuma kunnenmu ya saba jin ta kusa da "tristesse" da "douleur", wato baƙin ciki da raɗaɗi, a bakin gwamna ko minista. Idan za a mayar da ita Hausa a irin wannan wuri, alhini da jimami da juyayi su ne suka fi kusa da ita.

Ingilishi ya karɓi kalmar a farkon ƙarni na 17, amma wani gefe dabam na ma'anarta ya riƙe. A wurin masu wannan harshe, sai abu ya zo ba zato ba tsammani, ya kasance marar daɗi har yana sa a ji tsoron abin da zai biyo baya, sannan wanda abin ya faɗa wa ya rasa ta inda zai kama, kafin a kira halin da ya shiga consternation. Wannan na ƙarshe, wato rasa abin yi, shi ne ginshiƙin kalmar a ganina. Baƙin ciki yana iya shiga ciki, amma ba shi ake nufi ba. To, a auna takardar ɗalibina da wannan ma'auni. Dattijo ne da ya kai shekarun da kowa ke roƙon Allah ya kai shi, ya daɗe yana jinya, iyalansa sun san inda aka dosa, saboda haka babu bazata a rasuwarsa. Idan gidan Alhaji a Maraɗi suka ce labarin ya jefa su cikin "great consternation", mai karatu a Legas yana iya tambayar kansa me ya ruɗa su haka, kuma me suke tsoron zai biyo baya. Mai mugun zato ma yana iya ɗauka cewa makomar cinikin ce ta tayar musu da hankali, alhali Alhaji bai nufi komai ba sai taya abokinsa baƙin ciki.

Duk lokacin da nake son in nuna wa ɗalibai ainihin wannan hali, safiyar 12 ga Janairu 1994 nake tunawa. A daren da ya gabata aka sanar daga Dakar cewa an karya darajar sefa da rabi, faran ɗaya na Faransa da ya yi shekara da shekaru yana daidai da sefa 50 ya koma sefa 100, wato dala goma ta zama dala ashirin a lissafinmu na kasuwa, inda sefa biyar ake kira dala. Ina saurayi a lokacin, na bi kawuna kasuwa kamar kullum, cikin ɗarin safiya. Ban ga mai kuka ba, ban ga mai gudu ba. Wasu masu shaguna sun buɗe ƙofa ɓari ɗaya, wasu ba su buɗe ba sam, an taru gungu-gungu kowa na tambayar ɗan uwansa. Mai atamfa bai san ko ya sayar a kuɗin jiya ya rasa abin da zai sake saro wata da shi ba, ko ya ninka kuɗin masu saye su ce ya yi zalunci. Ɗan canji yana zaune da damin naira a dama, na sefa a hagu, duk wanda ya tambaye shi nawa ne yau sai ya ce a dakata tukuna. Mai bin bashi da wanda ake bi duk sun yi shiru, don babu wanda ya san ko shi ya ci riba ko shi aka ci. Kawuna ya tsaya a bakin rumfarsa, hannu a ƙugu, ya daɗe bai ce uffan ba sai salati. Hausa tana da sunan wannan tsayuwa, cewa ake an yi cirko-cirko. Da wani ɗan jaridar Ingila ya ratsa kasuwar a wannan safiya, da consternation zai rubuta, kuma da ya faɗi daidai.

Asalin kalmar ma yana ɗauke da wannan hoton. Daga Latinanci take, daga aikatau "consternare", wanda ke nufin a ruɗa, a firgita, a wargaza natsuwa, kuma Rumawa kan faɗe shi ga dawakin da suka razana suka ƙwace daga hannun mai linzami. Masana asalin kalmomi da yawa suna danganta shi da "sternere", wato shimfiɗawa ko kayarwa ƙasa, tushen da ya haifi "street", hanyar da aka shimfiɗe da duwatsu, da "prostrate", wanda ya kwanta rub da ciki. Ke nan tun daga gidan uwa ma'ana biyu ke cikinta, kayarwa da ruɗarwa. Faransanci ya karkata ga wanda aka kayar ya kasa tashi, Ingilishi kuma ya karkata ga wanda aka ruɗa ya rasa gabas da yamma.

Zaman kalmar a cikin jimla ma yana da ƙa'idojinsa, kuma a nan ne hannun wanda ya taso da Faransanci ya fi bayyana. Suna ce irin wadda ba a ƙirgawa, kamar ruwa ko haƙuri, don haka ba a yi mata jam'i, kuma ba a sa mata ƴar kalmar nan "a" a gaba. Ɗalibin da ya saba da "une grande consternation" yakan rubuta "a big consternation", ya yi kuskure biyu a wuri ɗaya, domin ko sifar ma ba tata ba ce. Abokan tafiyarta su ne "great" da "considerable" da "widespread", ko kuma "some" idan ana son a rage mata kaifi. Aikatau ɗin da ya fi yawan jawo ta shi ne "cause", sai a ce sabuwar doka "caused consternation among traders", wato ta jefa ƴan kasuwa cikin wannan hali, abin da ya haddasa ruɗanin kuma ana gabatar da shi da "at" ko "over" ko "about". Inda aka fi zamewa shi ne wajen sifa. Bafaranshe yana cewa "je suis consterné" a maganarsa ta yau da kullum, yana kuma kiran abu "consternant", sai ɗalibinmu ya bi sawu ya rubuta "I am consternated". Wannan siga tana cikin manyan ƙamusoshi, amma da wuya a ji ta a bakin mai harshen, kuma wanda ya ji ta zai gane nan take cewa baƙo ne ke magana. Abin da ake faɗa a wannan gurbi shi ne "I am dismayed", ko "I am appalled" idan abin ya haɗa da ƙyama da ganin rashin dacewa. Furucinta ma ya bambanta, gaɓa huɗu ce ana danna ta uku, kusan konsta-NE-shan, kuma ba a jan ƙarshenta ta hanci yadda muka saba.

Akwai wani gini guda da kalmar ta fi so, wanda ya kamata duk mai karanta jaridun Ingilishi ya san shi, wato "to the consternation of", ko "much to his consternation". Ana liƙa shi a farkon jimla ko a ƙarshenta domin a nuna wanda abin ya faɗo wa a ka, alhali ita jimlar labarin abin da wani ya aikata take bayarwa. Za a ce shugaban ƙungiya ya ajiye muƙaminsa ana saura kwana biyu babban taro, "to the consternation of his colleagues". Mai aikatawa dabam, masu cirko-cirko dabam. Daga nan ake gane wani hali na kalmar wanda ƙamus bai cika faɗa ba, shi ne cewa kalmar ɗan kallo ce. Wanda ke tsakiyar ruɗani ba ya tsayawa ya sanar cewa yana cikin consternation, kamar yadda kawuna bai ce ya yi cirko-cirko ba a waccan safiya. Salati ya yi, ni da nake gefe ne na ga tsayuwar, na ba ta suna bayan shekaru. Ko da mutum ya faɗe ta game da kansa, ya ce "to my consternation", to labari yake bayarwa bayan abin ya wuce hankali ya dawo. Haka kuma ta fi son taro a kan mutum ɗaya, kamar ƴan majalisa, ko ma'aikata, ko iyayen yara, ko mazauna unguwa, mutanen da ke duban juna kowa na jiran wani ya fara magana. Sannan kalmar rubutu ce, ta jarida da littafi da rahoto, a hira ta baka kuwa an fi jin "shocked" ko "worried" ko "upset".

Saboda tsawonta da kwarjinin da kalmomin Latinanci ke da shi, masu Ingilishi sukan ɗora ta a kan ƙaramin abu da gangan domin mai karatu ya yi murmushi. Marubuci zai ce yarinya ƴar shekara biyar ta tashi a tsakiyar baƙi ta maimaita abin da ta ji iyayenta suna faɗa game da su, "to her mother's consternation", ko a ce kamfani ya sauya ɗanɗanon wani biskit da aka saba da shi, abin ya haddasa consternation a tsakanin masu saye. Babu wanda ya mutu, babu wanda ya yi hasara, abin da ake nunawa kawai shi ne fuskokin da suka sauya da bakunan da suka buɗe. Na sha ganin ɗalibai sun karanta irin wannan jimla sun ɗauka wata masifa ce ta auku, saboda a kunnensu kalmar tafe take da inuwar makoki. Wannan sauƙi da ta samu a Ingilishi shi ne dalili na biyu da ya sa ban so ganinta a takardar Alhaji ba, domin kalmar da ake iya yin raha da ita a shafin nishaɗi ba za ta iya ɗaukar gaisuwar mutuwar uba ba.

Idan aka buɗe ƙamus na Ingilishi zalla, sau da yawa da kalmomi biyu ake bayyana ta, "dismay" da "alarm", kuma sanin bambancin waɗannan biyun shi ke nuna gurbin ta ukun. "Dismay" tsohuwa ce, ta shigo ta Faransancin Normandawa tun wajen shekarar 1300, kuma a cikinta akwai tushen da ya ba da "may" da "might", wato iyawa da ƙarfi, sai aka sa masa ɗafa-goshi na korewa. Ma'anarta ta asali ke nan a zare wa mutum ƙarfinsa, abin da mu muke kira sanyin gwiwa ko karaya. Manomin da ya je gona ya tarar tsutsa ta cinye zangarniyar hatsinsa bayan ya gama zuba wahalarsa, dismay ce ta same shi, domin ya san abin da ya faru sarai, babu ruɗani a kansa, zuciya ce ta karye. "Alarm" kuwa daga Italiyanci take, "all'arme", kiran da ake yi wa mayaƙa su ɗauki makamai, irin aikin da tambari da kuge suke yi a garuruwanmu a zamanin yaƙe-yaƙe. Har yau wannan kiran yana cikinta, ita ce sunan ƙararrawar da ke tashin mai barci da jiniyar da ke gargaɗin gobara, kuma mutumin da ya ji alarm ya hango haɗari tafe, jikinsa na ce masa ya tashi ya yi wani abu. Ɗaya tana duban abin da ya riga ya lalace, ɗayar tana duban abin da ke zuwa. Consternation tana tsaye a ɗan tsakanin nan, inda bugun ya riga ya sauka amma ƙafa ba ta san inda za ta nufa ba.

Sauyin takardun naira da aka yi a shekarun baya-bayan nan ya nuna mana waɗannan matakai a jere, mu da yawan cinikinmu ke tafiya da kuɗin maƙwabta. Ranar 26 ga Oktoba 2022 Babban Bankin Najeriya ya sanar cewa zai sauya takardun naira 200 da 500 da 1000, tsofaffin kuma za su daina aiki a ƙarshen Janairun 2023. A kwanakin farko, ƴan canji da ƴan kasuwar da ke da damman tsofaffin takardu a gida, da yawansu kuma ba su da asusu a wani bankin Najeriya, sun shiga abin da Ingilishi zai kira consternation, ana ta tambaya babu mai amsa. Da wa'adi ya matso, sababbin takardu kuma suka ƙi wadata, sai hali ya koma alarm, kowa ya tashi neman wanda zai tsallaka masa da kuɗinsa Katsina ko Kano. Turmutsutsun da aka riƙa gani a ƙofofin bankuna a can kuwa "panic" ne, kalmar da ta samo suna daga Pan, wani abin bautar Girkawan da, wanda suka yi imani yana jefa wa mutane da garke tsoro farat ɗaya a daji, kuma a wannan mataki tunani ya gushe, jiki ne kaɗai ke aiki. Wanda ya karyar da tsofaffin takardunsa da hasara, sannan a watan Maris Kotun Ƙolin Najeriya ta ce a ci gaba da karɓarsu har ƙarshen shekara, abin da ya ji shi ne dismay. Lamarin ɗaya ne, mutanen ma su ne dai, amma kowane mataki da kalmarsa, kuma marubucin da ya san aikinsa ba zai musanya su ba.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi tsaya mini a rai, wanda ya shafi Hausa fiye da Ingilishi. Ina sauraron labarai a gidajen rediyo na gida da na waje, kuma sau da yawa ina iya jiyo jimlar Ingilishi ko ta Faransanci da ke ƙarƙashin fassarar. Abin da nake ji shi ne "concern" damuwa, "dismay" damuwa, "alarm" damuwa, consternation ma damuwa, in an matsa a ce matuƙar damuwa ko tashin hankali. Ga masu harkar diflomasiyya kuwa waɗannan kalmomi matakala ce da ake hawa da lissafi, sanarwar da ta ce "concerned" ba daidai take da wadda ta ce "alarmed" ba, wadda ta ce "appalled" kuma ta fi su zafi. Idan duk suka zama damuwa, an hana mai sauraro sanin ko maganar ta yi tsami ko ba ta yi ba. Na san aikin ɗakin labarai aikin gaggawa ne, kuma ban raina ƙoƙarin masu yin sa ba, amma harshenmu bai yi talaucin da zai tilasta mana haka ba. Muna da fargaba ga abin da ake tsoron zuwansa, da zullumi ga wanda ake kwana ana juya shi a rai, da firgici da razana ga abin da ya faɗo ba shiri, da kaɗuwa, da kiɗima, da ɗimuwa ga wanda hankalinsa ya bar jikinsa, da takaici, da sanyin gwiwa.

Matsalar, a ganina, ita ce mai fassara yakan nemi suna ya maye gurbin suna, alhali Hausa ta fi son ta nuna irin wannan hali da aikatau da hoton jiki. Ba ma cewa ruɗani ya wanzu a tsakanin mutane. Cewa muke gabansu ya faɗi, jikinsu ya yi sanyi, sun yi jugum-jugum, sun yi tsuru-tsuru, an bar su baki buɗe, sun rasa tudun dafawa. Saboda haka jimla irin "the announcement caused consternation among traders" ba ta bukatar a ƙirƙiro mata sabuwar kalma, ya isa a ce sanarwar ta sa ƴan kasuwa sun yi cirko-cirko, ko ta ɗaure musu kai ta kuma tayar musu da hankali. Uwar yarinyar nan da ta tona asiri a gaban baƙi kuwa, sai a ce ta rasa inda za ta sa kanta. Wasu abokan aikina suna ganin cirko-cirko ba ta da kwarjinin da za ta shiga labaran dare, wai maganar tsakar gida ce. Ban yarda da su ba, domin kalmar da tsohuwa a Tibiri da ɗan kasuwa a Kano za su ji su ga hoton abin a idonsu nan take ta yi aikin da ake nema ga labari.

Akwai kuma ranakun da kalmar Ingilishin ba ta isa ba sam. A watan Nuwamban 2021 gobara ta tashi a azuzuwan zana na wata makaranta a nan Maraɗi, yara ƙanana fiye da 20 suka rasu. Duk wanda yake garin nan a wannan rana ya san irin shirun da ya sauka a unguwanni. A Faransanci consternation ita ce kalmar wannan rana, kuma ta dace da ita. Amma da wani zai rubuta da Ingilishi cewa gobarar "caused consternation", da ya rage wa abin girma ƙwarai, kamar ya ce mutane ruɗewa kawai suka yi. Ingilishi yana da nasa kalmomin na irin wannan musiba, "grief" da "horror" da "devastated" da "heartbroken", kuma su ne suka fi kusa da abin da iyayen yaran suka ji. Da nauyin zuciya nake kawo wannan misali, don in nuna cewa a irin wannan wuri zaɓen kalma ya shafi haƙƙin waɗanda ake ba da labarinsu.

Da muka gama wannan doguwar magana, ni da ɗalibina muka koma kan takardar. Muka soke jimlar farko muka rubuta: "We were deeply saddened to learn of the passing of your father." Ya dube ta ya ce, "Mushe, ba ta yi sauƙi da yawa ba? Baba yana son a ga girmamawa." Na ce masa, "Ɗana, a Ingilishi idan magana ta kai ga zuciya, gajerun tsofaffin kalmomi ake komawa gare su, irin su sad da sorrow da loss. Girmamawar kuwa tana cikin abin da za ka faɗa game da mamacin da addu'ar da za ka yi." Sai muka ƙara layi biyu a kan yadda dattijon ya karɓi Alhaji a tafiyarsa ta farko zuwa Legas, ya ba shi masauki kwana uku tun bai san shi ba, labarin da yaron ya ce ya sha ji a bakin mahaifinsa. Muka rufe da roƙon Allah ya ba iyalan ƙarfin jure rashin, kuma a nan kam al'adar masu karɓar takardar muka bi, don a Ingilishin Najeriya an saba faɗin haka da "the fortitude to bear the loss". Da magariba ta gabato ya tafi ya karanta wa Alhaji, ya fassara masa layi-layi da Hausa, Alhaji ya sa hannu, washegari da safe aka ba direban da ke kai aya Legas.